Haƙƙin Tsohon Faifai

Idan malami ko ma'aikacin hukuma a Tcholliré, babban garin Mayo-Rey, ya ga kwamfutarsa ta gaji, ƙurar hunturu ta toshe mata fanka, yawan ɗaukewar wuta kuma ya raunana faifan ajiyarta, sai ya nufi Garwa, ya sayi sabuwa, ya ce wa mai gyara, "Malam, a kwashe mini kayana a zuba a nan." To, amma a haƙiƙa ba a kwashe kome ba, domin abin da na'ura ke yi kwafi ne tsantsa, asalin yana nan kwance inda yake, ko an share shi ma, sau da yawa sunan fayil kaɗai ake gogewa daga fihirisa, rubutun yana nan har ranar da wani ya hau kansa.

Magabata sun san mas'alar kwafi tun kafin lantarki. Marubutan ƙasar Fombina, tun zamanin Modibbo Adama wanda ya kafa Yola a 1841, ba su ɗaukar kwafin littafi ya kammala sai an yi muƙabala, wato ɗaya yana karanta asali, ɗaya yana bin sabon da ido, layi bayan layi, saboda sanin da suka yi cewa hannu yana tsallake kalma. Na'ura ma tana tsallakewa idan faifai ya fara ciwo, ga ta kuwa ba ta neman gafarar mai karatu a ƙarshen shafi kamar yadda marubuci ke yi.

Abin da ya fi nauyi a ganina shi ne makomar tsohon faifan. Sayyidina Usmanu, Allah ya yarda da shi, da ya sa Zaidu bin Sabit da abokan aikinsa suka kwafi Mus'hafi, ya mayar wa Nana Hafsatu takardunta na asali waɗanda aka kwafa, sa'an nan ya yi umarni a ƙone sauran rubuce-rubucen Alƙur'ani, don kada saɓani ya shiga tsakanin al'umma. Mu kuwa, faifan da ke ɗauke da hotunan iyali, da lissafin bashin mutane, da takardar rabon gado, sai mu bar shi kan teburin mai gyara, cikin tarkacen waya da sukurori, ya sayar wa wanda ya taya. Ai sirrin da ke ciki ba namu ba ne mu kaɗai, amanar bayin Allah ce waɗanda ba a shawarce su ba; saboda haka wajibi ne, bayan muƙabala, a sa na'ura ta rubuce faifan kaf, ko kuwa a huda shi da ƙusa kafin ya bar hannun mai shi.