TSEREN KWALE-KWALE DA AMANAR KOGI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wani wasa da ya yaɗu a ƙasashen Turai da Amurka, wato tseren ƙananan kwale-kwale a cikin kogi mai gudu tsakanin duwatsu, inda ruwa ke tafasa yana kumfa fari fat. Mutum ɗaya ne ke zama a cikin kwale-kwalen, da filafili mai baki biyu a hannunsa, da hular kwano a kansa. Masu wasan sun kasa haɗarin ruwa mataki shida. Tseren da aka fara a shekarar 1996 a Kogin Green na Jihar Karolina ta Arewa a Amurka, a mataki na biyar aka riƙa yinsa, inda kuskure ɗaya kan jawo karaya ko nutsewa. A shekarar 2024 kuma aka shigar da wani nau'insa mai sauƙin haɗari cikin wasannin Olamfik na Faris.

Tambaya ita ce, shin ya halatta Musulmi ya shiga wannan tsere? Tsere dai shi kansa ba laifi ba ne, domin ya tabbata Annabi (SAW) ya sa an yi tseren dawakai a Madina, kuma shi da kansa ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita. Amma aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Malaman Malikiyya sun daɗe da ajiye ma'auni a kan wannan. A babin Hajji, Shehu Halilu ya daidaita tafiyar teku da ta tudu, sai fa idan halaka ce ta fi rinjaye. To, idan farilla kamar Hajji tana jira saboda haɗarin ruwa, ina ga wasa? Saboda haka gwanin da ya yi shekaru yana koyo, ya san kogin, ga masu ceto tsaye da igiyoyi a gaɓa, zaton kuɓutarsa ya rinjaya, hukuncinsa daban ne da na wanda neman suna ya ingiza shi ruwan da ya fi ƙarfinsa. Rai amana ne, mai shi bai mallake shi ba.

Wannan ma'auni bai tsaya ga ran ɗan tsere kaɗai ba, ya shafi kogin da yake tsere a cikinsa. Abin lura shi ne, masu wannan wasa suna cikin waɗanda suka fi ɗaga murya idan za a datse kogi ko a gurɓata shi. Misali yana nan a Kogin Nilu, kusa da garin Jinja na ƙasar Yuganda, wurin da masu kwale-kwale daga ƙasashe da yawa suka riƙa zuwa. A shekarar 2012 aka buɗe madatsar ruwa ta Bujagali mai ba da megawat 250 na lantarki, ruwanta ya shanye magangarar Bujagali. A shekarar 2019 madatsar Isimba mai megawat 183 ta sake haɗiye wasu wuraren. Haka ya faru a Nijeriya a 1968, sa'ad da Tafkin Kainji ya rufe duwatsun Busa da tsohon garin Busa, aka mai da mutanensa Sabuwar Busa.

A nan wani zai ce, ina amfanin kukan 'yan wasa alhali ɗalibi na karatu da aci-bal-bal, asibiti kuma ba wuta? Wannan magana tana da ƙarfi. Shari'a ta gabatar da larura a kan bukata, ta gabatar da bukata a kan abin ƙawa, kuma wasa abin ƙawa ne. Da nishaɗin baƙi kaɗai ke kan sikeli, da hasken gidajen talakawa ya rinjaye shi nesa ba kusa ba.

Sai dai kogi ba filin wasa kawai ba ne. Akwai masunci da ke ci daga cikinsa, da manomin fadama, da kifaye da tsuntsaye waɗanda Suratul An'am ta nuna cewa al'ummomi ne kamar mutane. Hadisi ya zo cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. An kuma ruwaito hani ga ɓarnar ruwa wajen alwala, ko da mutum yana bakin kogi mai gudana. Gaskiya ba ta ƙi bakin kowa ba. Idan ɗan tsere ya shaida cewa kifi ya ragu, ko masana'anta na zuba dauɗa a ruwa, ko an yi alkawarin kare wani yanki an saɓa, shaidarsa abar saurara ce, domin wanda ke kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Abin da ya wajaba ga hukuma shi ne ta auna amfani da cuta kafin ta datse kogi, ta biya waɗanda ta tasa haƙƙinsu cikakke, kada ta ɓata fiye da abin da larura ta tilasta. Ɗan tsere kuma ya sani cewa ba ya kyautuwa ya yi kukan kogi yana wasa da ransa, ko ya manta da masuncin da ya riga shi zama a gaɓar. Mai rai da mai mulki duka masu kiwo ne, kuma kowane mai kiwo za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya sa a dace, amin.