Harshen Lauya Amana Ne: Darasi Daga Rayuwar Gani Fawehinmi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya haramta wa Kansa zalunci, Ya kuma haramta shi a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai mai karatu, iya zance a gaban alƙali baiwa ce mai hatsari. Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗin cewa wani yakan fi abokin shari'arsa iya tsara hujja, har a yanke masa haƙƙin da ba nasa ba, alhali yankin wuta aka yanka masa. Haka nan Suratun Nisa'i ta hana zama mai kare maha'inta, ta kuma yi umarni da tsayuwa kan adalci ko da a kan kai ne ko iyaye. Da wannan ma'auni za mu auna rayuwar Abdul-Ganiyu Oyesola Fawehinmi.

An haife shi ranar 22 ga Afrilu 1938 a garin Ondo, mahaifinsa kuwa shi ne Sarkin Musulmin garin. Ya tafi Landan karatun lauya a 1961. Yana can mahaifin ya rasu, tallafi ya yanke, sai da ya haɗa da aikin ƙarfi kafin ya kammala. Ya fara aikin lauya a Legas a 1965, kuma ɗacin rashin da ya ɗanɗana a Ingila bai bar bakinsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

A 1969 wani talaka ɗan ƙwadago a Jos ya yi ƙarar wani babban jami'in gwamnatin jihar Binuwai-Filato. Gani ya tsaya masa ba tare da karɓar ko sisi ba, bai tambayi ƙabilarsa ba. Sakayyarsa ita ce tsarewa ta watanni. Daga nan gidajen kaso suka san shi: Gashuwa a 1989, Bauchi a 1996 zamanin Abacha, ban da Kuje da sauransu.

Mafi girman shari'o'insa ita ce ta Dele Giwa, ɗan jaridar da aka kashe da bom a cikin ƙunshin wasiƙa ranar 19 ga Oktoba 1986. Da ya ga hukuma na jan ƙafa, sai ya nemi a ba shi damar gurfanar da manyan jami'an tsaro biyu da kansa. Aka ce ina ruwansa, tunda ba ɗan'uwan mamacin ba ne. A 1987 Kotun Ƙoli ta ce da ruwansa: ɗan ƙasa yana da hurumin bin kadin jinin ɗan ƙasa. Har yau ba a hukunta kowa kan kisan ba, amma ƙofar da hukuncin ya buɗe wa masu neman haƙƙi tana nan. Shi ne kuma ya ja ragamar ƙarar da ta kai ga hukuncin 2002, wanda ya sassauta sharuɗɗan rajistar jam'iyyu, tare da su Malam Balarabe Musa.

Ta fuskar dukiya, tun 1971 ya riƙa ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan talakawa masu hazaƙa daga sassan Najeriya. A 1985 ya kafa mujallar mako-mako mai tattara hukunce-hukuncen manyan kotuna, ta yadda ƙaramin lauya a Katsina zai riƙe hujjar da babban lauya a Legas yake riƙe da ita. Sadaka mai gudana da ilimi mai amfani suna cikin abubuwa uku da hadisi ya ce ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa, muna kuma yi masa fatan duka biyun.

Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Yana da zafin rai, kuma a 1984 ya saɓa wa ƙungiyar lauyoyi da ta ƙaurace wa kotunan soja, matakin da har yau ake muhawara a kansa. Manyan sana'ar sun jinkirta masa muƙamin babban lauyan Najeriya har 2001, alhali tun 1988 ɗaliban jami'ar Ife suka naɗa shi babban lauyan talakawa. A 2008 ya ƙi karɓar lambar girma daga gwamnatin 'Yar'aduwa, yana mai kafa hujja da halin da talaka ke ciki. Ya rasu a Legas ranar 5 ga Satumba 2009 bayan jinyar sankarar huhu, yana da shekara 71.

To, ya ku lauyoyinmu, gidajen yarin ƙasar nan cike suke da masu jiran shari'a waɗanda babu mai tsaya musu sai Allah. Kowannenku ya ware wa irin waɗannan shari'a ko da ɗaya ce a shekara, don Allah kawai. Ku kuma mawadata, ku ɗauki nauyin ɗalibi tun kuna da rai. Allah Ya gafarta wa Abdul-Ganiyu kurakuransa, Ya sa mu cika da imani. Amin.