Asarar Gidan Haya: A Wuyan Wa Take?

Jama'a da dama sun ɗauka cewa wanda ya mallaki gidan haya ya gama da wahalar duniya, sai dai ya miƙe ƙafa, shekara ta zagayo dillali ya kawo masa kuɗi. Wannan tunani ne ya sa ma'aikaci da ya karɓi giratuti, ko matar da aka raba wa gado, ba su da burin da ya wuce su sayi fuloti su jera ɗakuna. Dalilinsu kuwa shi ne, wai ƙasa ba ta ruɓewa, ɓarawo kuma ba ya saɓa ta a kafaɗa.

Gaskiya ne ƙasa ba ta ruɓewa, amma gini yana tsufa. Kwano yana tsatsa, masai yana cika, katanga tana tsagewa, ga shi a shekarar 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a garuruwa da yawa. Akwai ɗan hayar da zai shekara bai biya ba, in an je kotu a yi ta ɗage zama, domin doka ta ba mai hayar shekara notis na wata 6. Ita kanta ƙasar, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 tana hannun gwamna ne a matsayin amana, takardar da ake ba mutum izinin zama ce, galibi na shekara 99. Waɗanda suka sayi shaguna a Filin Idi na Kano sun ga ma'anar haka a 2023, da sabuwar gwamnati ta yi rusau a wurin da wadda ta gabace ta ta ba da izinin gini.

To, tun da harkar tana da wannan kasada, tambayar da nake so mu tattauna, ya kai mai karatu, ita ce: idan asara ta auku, wa ya kamata ya ɗauke ta?

Mu ɗauki misalin Maiduguri. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni, gidaje suka zube. A ƙaddara wani magidanci ya biya hayar shekara cif a watan Yuli, ya zauna wata biyu, ɗakin ya rushe. Saura wata 10 da ya biya bai zauna ba. Mai gida zai ce, "Ni ma fa ruwan nan ya cinye ni, gidana ne ya tafi, kai tabarma da katifa ka rasa." Maganarsa da tausayi, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai mu tambayi kanmu, me ɗan hayan ya saya da kuɗinsa? Bai sayi bulo ko rodi ba. Abin da ya saya shi ne zama, wato inuwa da sutura da wurin kwanan iyali na wata 12. In zaman ya gagara, kuɗin wata 10 ɗin nan a bakin me mai gida zai riƙe su?

Malaman fiƙihu sun daɗe da duba wannan mas'ala a babin ijara. A wurinsu ɗan haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace ba da sakacinsa ba, kuma idan gida ya rushe har amfaninsa ya gushe, hayar ta warware, kuɗin ragowar lokaci ya koma ga mai shi. Hikimar a fili take. Ranar da gwamnati ta shimfiɗa kwalta a unguwa, darajar gida ta ninka, ai ba a kiran ɗan haya a ba shi kaso, ƙarin haya ma ake aiko masa. Wanda ke kwashe ribar shi kaɗai ranar samu, da wane baki zai nemi a raba asara da shi ranar rashi?

Abin takaici, yau an juya al'amarin. Sai ka ga an karɓi hayar shekara biyu a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya, ga kuɗin ajiya saboda ɓarna, sannan in rufi ya fara yoyo a ce wa ɗan haya ya gyara da aljihunsa. Jihar Legas ta yi doka a 2011 da ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma mai neman ɗaki ido rufe ba ya kai ƙara. A ganina, mai gidan da ya tattara kowace kasada ya jibga wa wanda ke ciki, ya zubar da hujjar da ta halatta masa ribar tun farko.

Kada 'yan haya su yi saurin tafa mini. Wanda ya toshe kwata da shara har ruwa ya ci gindin katanga, ko ya girka murhu a ɗaki ya baƙanta silin, wannan ɓarna tasa ce, ba ƙaddara ba. Haka wanda yake da halin biya ya ƙi, yana fakewa da jinkirin kotu, alhali wataƙila ɗakin na marayu ne kuma da kuɗin ake biya musu makaranta.

Wurin da ya fi wuya shi ne inda mai gida ya riga ya kashe kuɗin, gida ya zube, ba shi da ko sisi. Ban ga adalci a shaƙe irin wannan mutum ba, amma rashin abin biya ba ya shafe bashi. Yana iya cewa ɗan hayan, "Malam, wata 10 ɗinka suna wuyana," su rubuta a gaban mai unguwa da shaidu biyu, ko dai ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, ko kuma in an tayar da ɗakin, mutumin ya dawo ya ƙarasa watanninsa ba tare da an nemi ƙarin kwabo ba.