Ƙibar Yaro Ba Ita Ce Lafiyarsa Ba



'Yan uwa, a wurinmu in yaro ya yi ɓul-ɓul sai mu ce "Masha Allah, ana ci a gidansu." Siriri kuwa a ce uwarsa ba ta kula da shi. Wannan ma'aunin namu akwai gyara a cikinsa.

A cikin jini Allah Ya halicci wasu ƙananan ƙwayoyi, likitoci suna ce musu filatilet. A ɓargo ake samar da su, su yi kwana 7 zuwa 10 su mutu, wasu su maye gurbinsu. In yaro ya yanke, su ne ke taruwa su toshe bakin ciwon, jini ya tsaya. Rahama ce babba. To amma idan kitse ya yi wa jiki yawa, yana tayar da wani kumburi na ɓoye wanda ba a jin zafinsa, sai ƙwayoyin nan su riƙa saurin manne wa juna ko babu rauni, jijiyoyin jini su fara lalacewa tun yaro yana firamare. Yanzu ba za ka ga komai ba. Sai ya girma a fara jin ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, mu ce ƙaddara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa miliyan 160, 'yan shekara 5 zuwa 19, ke fama da ƙiba mai yawa.

Ni ban ce shawarma ko indomi ko lemon kwalba haramun ne ba, kar a je a ce malam ya yi fatawa. Sai dai aya ta 168 a Suratul Baƙara ta haɗa halal da ɗayyib a wuri guda, aya ta 31 a A'araf kuma ta hana israfi. Lemon kwalba ɗaya sukarin da ke ciki ya kai cokalin shayi tara. Wa zai ɗebi cokali tara ya ɗura wa ɗansa a baki? Amma kullum muna yi, don kawai ya daina kuka.

Ɗan shekara shida ba shi da aljihu. Kai uba kai ke shigowa da ledar, ke uwa ke ke kunna risho da daddare, kuma ku za a tambaya a kan wannan kiwon.

Abu ɗaya da ba na so: a koma tsokanar yaron, ana kiransa buhu. Ba laifinsa ba ne. A dawo da wake, zogale da kunun gero, lemo ya zama sai ranar biki, a karɓe wayar a bar shi ya fita wasa bayan La'asar. In ƙibar ta riga ta yi nisa, a kai shi asibiti a duba.