Hukuncin Katangar da Ambaliya ta Karkatar da Ɓaraguzan Gidan da ya Zube

TAMBAYA: Allah gafarta Malam, ambaliya ta ci unguwarmu. Ɗakuna biyu na gidana sun zube, ɓaraguzansu sun tare rabin lungu. Katangar maƙwabcina kuma, ta ƙasa ce da aka yi wa yaɓen siminti, ta tsage ta rankwafo kan hanyar da yara ke bi zuwa makarantar allo. Gidan maƙwabcin na gado ne, ba a raba ba, kuma akwai marayu. Babban wansu ya ce ba shi da kuɗin sake gini, kuma ba zai taɓa dukiyar maraya ba. Za a iya tilasta masa ya rushe? Ɓaraguzaina fa, ina da laifi a kansu? Sannan ruwa ya kawo kwanon rufi da katako ƙofar gidana, zan iya amfani da su?

AMSA: Allah ya mayar muku da alheri, ya sa kaffara ce.

Rushe wannan katanga wajibi ne, kuma idan masu gida suka ƙi, alƙali yana da ikon tilasta musu. Tushen hukuncin shi ne hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda ya hana mutum ya cutar da kansa ko waninsa. A kansa malaman Malikiyya suka gina mas'alar katangar da ta karkata. Shaihu Halilu ya tattara sharuɗɗanta uku a Muhtasar: katanga ta karkata, an gargaɗi mai ita, kuma ya sami lokacin da zai iya magance ta. Idan ukun nan suka cika ta faɗa wa mutum ko dabba ko dukiya, lamuni ya hau kansa. Wasu magabatan mazhaba ma sun ce idan haɗarin ya fito fili yadda kowa ke gani, ba sai an jira gargaɗi ba. Ibnur Rami, wanda magini ne a Tunis a ƙarni na takwas na Hijira, ya yi littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini, wannan mas'ala tana ciki.

Don haka, ɗan'uwa, ka ɗauki mutum biyu adalai, ku je ku faɗa wa babban wan a gabansu, sannan ku sanar da mai unguwa. Da gida a hannun ɗan haya yake, mai gida za a nema, domin ɗan haya ba shi da ikon rushewa.

Uzurin babban wan na farko ya haɗa abu biyu da shari'a ta raba. Ba wanda ya ce ya sake gini yau. Abin da ke kansa shi ne kawar da cuta, kuma sauke katangar ƙasa aikin diga da shebur ne. Zana ko buhu za su tsare mutuncin iyali har Allah ya hore. Na biyun kuwa, tsoron dukiyar maraya abin yabo ne, amma ya sa shi inda ba wurinsa ba. A Suratul Kahfi, bawan Allah Halliru ya tarar da katangar marayu biyu tana shirin faɗuwa, ya tayar da ita ba tare da ya jira su girma ba. Waliyyi yana yi wa maraya abin da ya fi masa maslaha, kuma katangar da za ta jawo wa gado biyan diyya ba maslaha ba ce. Idan wasu magada ba sa nan, ko suka yi gardama, a kai wa alƙali ya ba da izini, a rubuta abin da aka kashe, a cire daga gadon.

Kada kowa ya ce ai ruwa ya janye. Ginin ƙasa daga tushe yake shan ruwa, yaɓen siminti kuma yana ɓoye ruɓewar ciki, sai ka ga katanga tsaye alhali ƙarƙashinta ya zama taɓo. Tsohon masallacin Damagaram ya zube a damunar 2024. A Zariya, cikin Agustan 2023, wani sashe na masallacin Juma'a na fada ya rufta kan masu sallar la'asar, aka rasa rayuka.

Shi kansa aikin rushewar yana da nasa lamunin. A nemo magini wanda ya san aiki, in gidan bene ne ko mai dakin sai injiniya. A yanke wutar lantarki, a fitar da tukunyar gas, a gano inda masai da rijiya suke kafin a taka. A killace hanya, a sanar da maƙwabta. Daga sama ake saukowa: rufi, azara, sannan katanga kaɗan-kaɗan. Abin nan da matasa ke yi na sare gindin katanga su ture ta, ganganci ne, wanda ya sa su yana da kaso a abin da ya biyo baya. Haka wanda ya ɗauko almajirai ƙanana don arhar lada. Yaro bai mallaki yardar jefa kansa cikin haɗari ba, in ya ji rauni wanda ya sa shi za a tambaya. Tsohon silin asbestos kuma a jiƙa shi a cire a hankali, kada a farfasa, domin ƙurarsa tana lahanta huhu.

Ɓaraguzanka naka ne, kwashe su kuma a kanka yake. Ba ka da zunubin faɗuwarsu, amma hanya haƙƙin jama'a ce, barinsu bayan ka sami iko shi ne laifin. Ka fara buɗe wa mutane hanya. Zuba su a magudanar ruwa ko bakin kogi haramun ne, domin tura ambaliyar baɗi ne gidan wani. Mutanen Maiduguri sun ga ruwan madatsar Alau a 1994, suka sake ganinsa a Satumban 2024, amai da gudawa kuma suka biyo baya. Mushe a binne shi nesa da rijiya.

Kana iya sake kwaɓa ƙasar ɓaraguzan ka yi tubali. Asalinta tsarki ne matuƙar ba ka tabbatar najasa ta gauraya da ita ba. In ka tabbatar, a mazhabarmu ya halatta a gina gida da ita, ban da masallaci. Alƙur'ani da littattafan da suka jiƙe har ba sa karantuwa, a tsince su daga cikin shara, a binne a wuri mai tsarki ko a ƙona, kamar yadda Sayyidina Usmanu ya ƙona mus'hafai.

Kwano da katakon da ruwa ya kawo maka tsintuwa ce. Ambaliya tana ɗauke kaya, amma mallaka tana nan ga mai ita. Ka adana su, ka yi cigiya a masallatai da wurin mai unguwa, musamman unguwannin da ruwan ya ratso. Wa'adin cigiyar abu mai daraja shekara guda ne. Idan ta cika ba a zo ba, kana iya sadakarwa ko amfani da su, da sharaɗin za ka biya in mai su ya bayyana. Ɗan guntun da ba wanda zai waiwaya, ba laifi a kansa. Masu bin kangwaye suna ɓalle ƙofofi da rodi suna kai wa 'yan gwangwan kuwa, haram suke ci, kuma wanda ya saya yana sane ya yi tarayya da su.

Wallahu a'alam.