Yaron da Ya Lalace a Legas, Na Wane ne?

'Yan'uwa, tun watan Yunin 2022 da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, yaranmu da yawa suka rasa abin yi. An ƙwace babur, ba kuɗin motar komawa gida, kunya kuma ta hana su kiran iyaye. Wasu na kwana a ƙarƙashin gada, wasu sun faɗa shan tiramol.

In 'yan sanda suka kama ɗaya, sai mu ce, "Ai ba namu ba ne." Muna gudun a ɓata sunan Hausawa, a taɓa mana kasuwa. Tsoron yana da dalili, don mazaunin garin wasu dole ya kiyaye mutuncinsa.

Amma mu tuna yadda muka zo. Kowannenmu akwai maigidan da ya sauke shi, ya ba shi tabarma, ya tsaya masa aka ba shi kaya bashi, alhali bai san halinsa ba. Yaya za mu hana na bayanmu abin da aka yi mana?

Wani zai ce, "In ya yi mini sata fa?" Yana iya yi. Shi ya sa ba mutum ɗaya zai ɗauki nauyin ba. A kai yaron gaban Sarkin Hausawa, ɗan garinsu ya tsaya masa, sannan a ba shi aiki a rumfa, a riƙa ajiye masa ladansa.

Yau bayan sallah, kowa ya tambayi yaro ɗaya sunansa da garinsu. Allah Ya shirya mana zuri'a.