Shin Namun Daji Suna Da Haƙƙin Hanya?

Ga tambaya: idan muka tare wa barewa hanyar ruwa har ta mutu, ba mu harbe ta ba, muna da alhaki?

A 1988 hukuma ta keɓe gandun Ayar da Tenere, amma dabba ba ta san iyakar takarda ba. Inda ruwan sama ya sauka nan take nufa. Tsakaninta da ciyawa kuwa yau akwai ramukan yuraniyom na Arlit da Akokan, da kwaltar Tawa, da sansanonin masu haƙar zinari tun 2014. Jiminar Ayar ta riga ta ƙare a daji.

Hadisi ya tabbatar cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Ashe tsarewa ma kisa ce.

Saboda haka, duk lokacin da magajin gari da kwamitin filaye za su raba ƙasa, wajibi ne mu halarta, mu nemi a bar koramu da mashaya a buɗe, kamar yadda dokar makiyaya ta 2010 ta kare burtali. Allah Ya sa mu riƙe amana.